Labarin Zuciya, Wace Fuska Za A Tambaya?

Ranar 21 ga Fabrairu, 1972, gab da tsakar rana, jirgin shugaban Amurka Richard Nixon ya sauka a Beijing. An riga an tsara tun a sama cewa ba wanda zai biyo shi a matakala sai matarsa. Har Henry Kissinger, wanda shi ya share fagen tafiyar a asirce, sai da ya dakata a cikin jirgi. Nixon ya sauko, tun bai ƙarasa inda mai masaukinsa yake ba ya miƙa hannu. Zhou Enlai, firaministan ƙasar Sin, yana tsaye cikin rigar sanyi, ya karɓi hannun ya riƙe. Masu hoto suka ɗauka, duniya ta gani.

Duk wannan shiri saboda musabaha guda ɗaya? Ai akwai bashi a ƙasa. Shekara goma sha takwas kafin nan, a taron Geneva na 1954, labari ya bazu cewa sakataren harkokin wajen Amurka, John Foster Dulles, ya ƙi ba Zhou hannu. Masana tarihi suna ta gardama a kan yadda abin ya auku, amma Sinawa sun riƙe labarin, Nixon kuma ya san sun riƙe. Ba a zagi kowa a Geneva ba. Hannu ne kawai ya tsaya a inda yake, ya zama magana mai nauyin da takardun jakadanci ba su iya ɗagawa ba sai da wani hannun ya zo ya biya.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne musabahar ma aro ce a wurin Sinawa. Gaisuwarsu ta gargajiya ba ta buƙatar taɓa jikin kowa. Namiji yakan dunƙule hannun dama, ya lulluɓe shi da tafin hagu, ya ɗago su daidai ƙirji, ya ɗan rusuna. Bahaushe zai yi mamakin yadda hagu ya samu hawa bisa dama a wajen girmamawa, alhali a can juya su ne abin gudu, domin a zaman makoki ake juyawa. A gaban sarki kuwa sai faɗuwa, irin abin da mutanenmu na da suke kira afi: a durƙusa sau uku, goshi ya taɓa ƙasa sau tara. A 1859 jakadan Amurka John Ward ya isa Beijing, aka ce sai ya yi haka kafin ya ga sarki. Ya ƙi, bai kuwa ga sarkin ba. Ka ga tarihin ƙasashen nan biyu ya taɓa sarƙewa a kan gwiwar da ta ƙi lanƙwasa, ya sake sarƙewa a kan hannun da ya ƙi miƙuwa.

Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Na daɗe ina jin karin maganar nan kamar hukunci ne da ba ɗaukaka ƙara. Baki yana iya ƙarya, fuska ba ta iyawa, haka muka ɗauka. Sai dai karin maganar ta ɓoye wani sharaɗi da ba ta faɗa ba, wato mai tambayar da fuskar da ake tambaya su kasance 'yan gari ɗaya. Fuska ma tana da yare, ana koyon sa a bayan uwa kamar kowane yare, kuma ya fi na baki haɗari ta wata fuska (ka ji kalmar ta sake shigowa ba da gayyata ba). Idan Basine ya yi wa Ba'amurke magana da Sinanci, Ba'amurken ya san bai ji ba, sai ya nemi tafinta. Idan kuwa murmushi ya yi masa, ko ya sunkuyar da kai, ko ya yi shiru, ba wanda zai nemi tafinta. Kowa yana zaton ya gane. Rashin fahimtar da mai shi bai san yana ciki ba shi ne wanda ke haifar da gaba.

Wani masanin al'adu Ba'amurke, Edward Hall, ya shafe farkon shekarun 1950 yana koyar da jami'an jakadancin ƙasarsa kafin a tura su waje. Ya lura cewa ba ƙarancin kalmomi ne ke kayar da su ba. Ba su san tazarar da ake tsayawa da mutum ba, ba su san yaushe ake shiru ba, ba su san me jinkiri yake nufi ba. A 1959 ya fitar da littafi a kan wannan yaren da ba ya da sauti. Daga baya, a 1976, ya raba al'ummomi gida biyu: waɗanda ke zuba yawancin ma'ana a cikin kalmar da aka furta, da waɗanda ke barin yawancinta a cikin yanayi, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da aka ƙi faɗa. Ya sa Amurka kusa da na farko, ya sa Sin can ƙarshen na biyu. Rabon ya yi kaifi da yawa, kamar kowane rabo da aka yi wa mutum fiye da biliyan ɗaya da wuƙa guda. Duk da haka akwai gaskiya a ciki.

A fara da yatsu, su ne masu sauƙi. Basine yana ƙirga ɗaya zuwa goma da hannu guda. Shida ita ce babban yatsa da ƙaramin yatsa a miƙe, sauran a naɗe, abin da Ba'amurke zai kai kunne yana nufin a buga masa waya. Takwas ita ce babban yatsa da manuni a buɗe, wadda yaron Amurka yake yi idan yana wasan bindiga. Idan Basine zai kira mutum, tafin hannu ƙasa yake kallo, yatsu suna kaɗawa, daidai yadda muke yafito yaro. Ba'amurke yakan juya tafi sama ya riƙa lanƙwasa manuni, abin da a Sin ake gani raini ne, kiran da bai dace da ɗan Adam ba. Idan kuma aka ce wa ya yi kaza, Ba'amurke ƙirjinsa zai dafa, Basine kuwa sau da yawa hancinsa zai nuna. Wannan yana da tushe a rubutu: harafin da suke karantawa zi, mai ma'anar mutum shi kansa, asalinsa zanen hanci ne. Mu kuma muka ce ni da kaina. Wato an tambayi al'umma uku ina mutum yake zaune a jikinsa, ɗaya ta ce ƙirji, ɗaya ta ce hanci, mu muka ce kai.

Wanda ya fi burge ni shi ne na shayi. A lardin Guangdong da Hong Kong, idan aka zuba maka shayi, sai ka lanƙwasa yatsu biyu ko uku ka ɗan ƙwanƙwasa tebur. Godiya ke nan, ba sai ka katse hirar da ake yi ba. Suna da almara a kan asalin abin. Wai Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ya yi ɓad-da-kama ya shiga gari da bayinsa, suka zauna shan shayi, sai ya ɗauki buta ya zuba wa ɗaya daga cikinsu. Bawan nan ya rasa yadda zai yi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, asirin sarki ya tonu. Ya zauna kawai, ya yi babban laifi. Sai ya lanƙwasa yatsunsa a kan tebur, suka durƙusa a madadinsa. Ko almarar gaskiya ce ko ƙirƙira, ta faɗi wani abu game da mutanen da suka riƙe ta: cikakkiyar faɗuwa a gaban sarki an naɗe ta ta koma motsin yatsa biyu. To ka kawo Ba'amurke teburin. A garinsu mai ƙwanƙwasa tebur da yatsu ya ƙosa ne, yana cewa a yi sauri. Zai ga ana zuba wa mutum shayi yana nuna gajiya, ya ce a ransa mutanen nan ba su iya godiya ba.

Amma babbar magana ita ce murmushi. Ba'amurke yana yi wa wanda bai taɓa gani ba murmushi a kan hanya, a kanti, a bakin lif, haƙora a waje. Baƙon da ya je daga Sin yakan rasa gane me ya yi da ya cancanci wannan fara'a, wani ma ya ɗauka an san shi ne, ko ana son wani abu a wurinsa. Shi kuma Ba'amurken da ya je Beijing ya ga mai kanti ta miƙo masa canji fuska a daidai, sai ya ce mutanen ba su da sakin fuska. Jeanne Tsai ta Jami'ar Stanford ta kwatanta hotunan shugabanni na hukuma, na siyasa da na kamfanoni da na jami'o'i, ta buga sakamakon a 2016: na Amurka sun fi washe baki, na Sin sun fi murmushin leɓe a rufe ko fuska a natse. A bayaninta, kowace al'umma tana da irin farin cikin da take ganin ya dace da mutumin kirki. Amurkawa suna son na zumuɗi, Sinawa suna son na natsuwa.

Akwai wani bayanin da ya fi kwanta mini a rai. A 2015 Paula Niedenthal da abokan aikinta suka duba ƙasashe 32, suka ga cewa ƙasashen da mutanensu suka taru daga wurare masu yawa a cikin shekaru ɗari biyar da suka wuce sun fi yarda a bayyana abin da ke zuciya a fuska. Ka yi tunanin tashar jirgin ruwa a New York shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, ga ɗan Italiya, ga ɗan Poland, ga ɗan Ireland, ba mai jin yaren wani. Da me za ka gaya wa maƙwabcinka ba ka zo da sharri ba? Sai da haƙora. Fuskar Ba'amurke fuskar kasuwa ce, an gina ta don baƙo ya karanta daga nesa. Fuskar Basine ta ƙauyen da kakanninka da na maƙwabcinka suke kwance a tudu ɗaya ce, inda ɗan motsin gira ya isa, wanda ya wuce haka kuma ya yi ihu. Sinawa suna da tsohuwar magana cewa mace mai tarbiyya ba ta bari a ga haƙoranta in tana dariya. Saboda haka lokacin wasannin Olamfik na 2008 a Beijing, 'yan matan da za su miƙa lambobin yabo sai da aka horar da su murmushin da zai nuna haƙori shida zuwa takwas, har ana sa musu tsinken cin abinci a baki su cije don leɓe ya saba. Ƙasa ta gayyaci duniya, ta zauna tana koyon yaren fuskar baƙinta.

Murmushin Sin yana da wani aiki da ke rikita Ba'amurke ƙwarai. Ma'aikaci ya yi kuskure, maigida yana faɗa, sai ma'aikacin ya yi 'yar dariya. Ba'amurke zai ji kamar an watsa masa ƙasa a ido: ina magana kana dariya? Alhali dariyar kunya ce, mayafi ne da mutum ya ja ya rufe kansa da shi, ya kuma rage wa mai faɗan nauyin abin. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana murmushi yana sosa ƙeya a gaban mahaifinsa ya san ba raini ba ne.

Kada dai a ɗauka Sinawa suna karɓar kowane murmushi a kowane wuri. A watan Agusta na 2012 wata motar fasinja ta yi karo da tankar sinadari kusa da Yan'an a lardin Shaanxi, mutum 36 suka mutu. Aka ɗauki hoton shugaban hukumar kiyaye haɗurra ta lardin, Yang Dacai, yana tsaye a wurin yana murmushi. Sinawa suka fusata a intanet, suka shiga tono tsofaffin hotunansa, suka ƙirga agogunan tsada da yake ɗaurawa waɗanda albashinsa ba zai saya ba. A 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 14 saboda cin hanci. Murmushi ne ya fara kai shi ƙara. Haka nan a manhajar WeChat akwai 'yar fuskar nan mai murmushi da iyaye suke aika wa 'ya'yansu da zuciya ɗaya, matasa kuwa a tsakaninsu ta zama alamar gatse da ƙosawa, wai don bakin ne kawai yake murmushi, idon bai motsa ba. Wannan ya dace da abin da Rachael Jack ta Jami'ar Glasgow ta gano a 2009, cewa mutanen gabashin Asiya sun fi kafa ido a kan idanun mutum idan suna karanta fuskarsa, Turawa kuma suna raba kallonsu har zuwa baki. A gida ɗaya ma, tsakanin uwa da 'yarta, yaren ya fara rabuwa.

Sinanci yana da kalma biyu da ake fassarawa da fuska, lian da mianzi. Wata masaniya Basiniya, Hu Hsien-chin, ta bambanta su a wata maƙala a 1944. Lian ita ce amincewar da jama'a suka yi wa halin mutum, wanda ya rasa ta ya rasa wurin zama a cikin mutane. Mianzi kuwa ita ce ƙimar da ake tarawa da nasara da muƙami da iya hulɗa, ana ba da ita, ana aro, ana ƙara wa wani. Da Hausa zan ce ta farko mutunci, ta biyu girma. Kafin ita, wani ɗan mishan Ba'amurke, Arthur Smith, wanda ya daɗe a lardin Shandong, ya buɗe littafinsa na shekarun 1890 a kan halayen Sinawa da babi a kan fuska, ya ɗauke ta wasan kwaikwayo ne da ya fi gaskiya muhimmanci a wurinsu. Sai a 1955 masanin zamantakewa Erving Goffman ya ɗauki kalmar ya juya madubin, ya nuna cewa Amurkawa ma kullum cikin tsare fuskar juna suke, suna ne kawai ba su ba abin ba. Har furucin Ingilishi na rasa fuska daga Sinanci aka aro shi.

Mu ma muna cin fuska, muna ɗaure ta, muna sakin ta, muna cewa wane bai ba ni fuska ba. Sai dai kunya a wurinmu a ido take zaune. Basine zai ce marar kunya fatar fuskarsa kauri gare ta, mu mu ce tsaurin ido gare shi, ko ba shi da ta ido. Duk da haka, a batun kallon ido na ga mun fi kusa da Beijing nesa ba kusa ba. Uba Ba'amurke idan yana tuhumar ɗansa cewa yake yi ya dube shi cikin ido, domin a wurinsu mai kawar da ido yana ɓoye wani abu. Yaron da aka rena a Sin, kamar wanda aka rena a Katsina ko Damagaram, ƙasa zai duba, don haka aka koya masa ladabi. Ka kai wannan yaro aji a Amurka, malama ta tambaye shi, ya sunkuyar da kai yana auna amsa. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 cewa malaman Amurka kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya kafin su wuce. Daƙiƙa ɗaya! Kafin yaron ya gama girmama tambayar an ba wani. A rubuta a takardarsa cewa ba ya sa baki a darasi.

Haka abin yake a teburin ciniki. Ba'amurke ya kawo tayi, Basine yana gyaɗa kai. Ba'amurke ya koma masauki ya buga waya gida cewa an amince. Gyaɗa kan nan kuwa ina jin ka ne kawai, kamar to ɗin Bahaushe, wadda takan zama na yarda, takan zama na ji, takan zama za mu gani, takan zama tashi ka ba ni wuri. A'a ɗin Basine sau da yawa ba ta fitowa da sunanta. Takan zo a matsayin za mu yi nazari, ko abin da ɗan wuya, ko shiru mai tsawo, don kada a kunyata wanda ya roƙa. Ba'amurke ya kira wannan rashin gaskiya. Basine kuma ya ga a'a ɗin da Ba'amurke ke jefa wa mutum a gaban jama'a, ya kira ta rashin tarbiyya. Ko kyauta ce, Ba'amurke a gabanka zai yage takardar ya yi ta murna, Basine sai ya ƙi karɓa sau ɗaya ko biyu, sannan ya karɓa da hannu bibbiyu ya ajiye gefe sai ka tafi, don kada fuskarsa ta nuna abin da zai ɓata maka rai, kada kuma a ce kyautar ta fi mai ita daraja a idonsa.

In aka matsa mini in zaɓa, jinina yana wajen kara da kawaici, don a cikinsu na tashi. Amma ba zan ɓoye ba, na ga inda kawaici ya yi ɓarna: ƙaramin ma'aikaci ya hango kuskuren da zai jawo asara, ya yi shiru don kada ya ci fuskar na gaba da shi, kowa ya fita taro da mutuncinsa, aikin ya rushe. A irin wannan wuri gara bakin Ba'amurke. Inda kuma ake zaman da za a daɗe ana ganin juna, tsakanin surukai ko maƙwabta, wanda ya iya barin wa mutum ƙofar fita ya fi wanda ya iya faɗin gaskiya tsirara. Kuma kada a ce shirun Sinawa sanyin zuciya ne. Uba Basine na iya ƙare rayuwarsa bai rungumi ɗansa ba, bai ce masa yana ƙaunarsa ba, amma a kan tebur zai ɗauki tsokar da ta fi kyau da tsinkensa ya ajiye a kwanon yaron bai ce uffan ba. Ɗan da ya tashi a Amurka yana kallon iyayen abokansa suna runguma a bakin makaranta yana iya shekara ashirin kafin ya gane abin da ake ta gaya masa a cikin kwano.

Wanda ya fi kowa iya wannan fassara, a ganina, jagoran Sin Deng Xiaoping ne. Wata ɗaya bayan ƙasashen biyu sun ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci a ranar 1 ga Janairu, 1979, ya je Amurka, aka kai shi kallon wasan makiyaya a Simonton kusa da Houston a jihar Texas. Aka miƙa masa ƙatuwar malafar makiyayan yankin. Ɗan gajeren dattijon nan mai rigar kwaminisanci bai ajiye ta gefe ba yadda ladabin garinsu ya tanada, nan take ya kifa ta a ka, jama'a suka ɓarke da sowa. Ya karɓi kyautar Amurkawa irin karɓar Amurkawa, hoton kuma ya yi masa aikin da jawabi goma ba za su yi ba.

Kai kuma ɗan uwa mai shirin zuwa Sin sarin kaya, idan aka zuba maka shayi ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu. In ka tambayi farashi mai kaya ya buɗe maka babban yatsa da manuni, kada ka yi murna ka ce biyu. Takwas ya ce.